Hedifon Sabo Fil, Murya Kamar Daga Cikin Rijiya

Ƙanwata tana bin wani darasi ta Zoom duk daren Talata. Ran nan ta miƙo mini hedifon ɗinta na Bluetooth, ta ce, "Yaya, duba mini abin nan, ina jin na jabu aka sayar mini." Na haɗa shi da wayarta, sauti ya fito garau, har numfashin mai magana ana ji. Da muka mayar da shi kan kwamfuta kuwa, sai muryar malamin ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Wannan ɗan gwajin ya wanke hedifon ɗin, kuma da shi ya kamata kowa ya fara: gwada naka a wata na'ura, sannan ka gwada na wani a kwamfutarka. Yana damuna in ga an jefar da kaya mai kyau an sake kashe kuɗi, alhali cutar tana nan inda take.

Matsalar ƙanwata a cikin tsarin Bluetooth take. Hanya biyu hedifon yake bi wajen hulɗa da kwamfuta. Ta farko, A2DP, ta sauraro ce zalla: kunnen dama da na hagu kowanne da rabonsa, sauti a cike. Ta biyu, HFP, don kiran waya aka yi ta, magana ta je ta dawo. Da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon da ke jikin hedifon, sai a rufe ta farko a koma ta biyu. A nan sauti guda ake raba wa kunnuwan biyu, ana kuma auna shi sau 8,000 ko 16,000 kacal a daƙiƙa, alhali na faifan CD sau 44,100 ne. A wannan ragin kaifin murya yake zubewa, har "s" da "f" su riƙa yi wa kunne kama da juna.

A Windows 10 abin a bayyane yake, don za ka ga sunan hedifon ɗinka sau biyu a jerin na'urorin sauti, ɗaya da Stereo, ɗaya da Hands-Free. Windows 11 ta haɗe su wuri guda tana sauyawa da kanta, mutum bai san an canza masa hanya ba. Maganin da muka yi bai ci minti ɗaya ba. Muka shiga saitin Zoom, muka bar hedifon a matsayin lasifika, muka zaɓi makirufon kwamfutar don magana. Nan take murya ta washe. In kuwa sautin yankewa yake yi yana dawowa, wata cuta ce daban: Bluetooth da Wi-Fi suna cunkoso a zangon gigahaz 2.4, kuma na'urorin USB 3.0 suna ƙara hayaniya a wurin. Matso kusa da kwamfutar, ka zare abin da ba ka amfani da shi.

Masu hedifon mai waya, ku dubi ɗan ƙarfen da ake sokawa, mai kaurin milimita 3.5, ku ƙirga zobban da ke jikinsa. Mai zobe biyu gaɓa uku gare shi: hagu, dama, da wadda lantarkin duka biyun ke komawa ta cikinta. Mai zobe uku an ƙara masa gaɓar makirufo, kuma don waya da laftof masu kafa ɗaya aka yi shi. Kwamfutar tebur galibi kafa biyu gare ta, koriya ta sauraro da ruwan hoda ta makirufo. Idan aka soka mai zobe uku a koriyar, wani lokaci gaɓoɓin ba sa haɗuwa daidai. 'Yar waya mai reshe biyu ce maganinsa.

Rashin haɗuwar gaɓoɓin yana da alamar da ba ta ɓoyuwa: kiɗa yana tashi, amma muryar mawaƙi ta yi nisa ko ta ɓace. Dalilin ya daɗe yana burge ni. Masu haɗa waƙa sukan ajiye murya a tsakiya, wato daidai-wa-daida a kunnuwan biyu. In gaɓar komawar lantarki ba ta taɓa ba, abin da ya bambanta hagu da dama kaɗai ke fitowa, abin da suka yi tarayya a kai kuma ya soke juna. Sau da yawa ƙarfen ne bai shiga har ƙarshe ba. Haka ma tsohon iyafis na Nokia ko Sony Ericsson yake yi, domin tsarinsu na OMTP ya musanya wurin makirufo da na komawar lantarki, saɓanin CTIA da ake bi yanzu. Shaidarsa, in ka danne maɓallin amsa kira sai sautin ya gyaru.

Me ke hana ƙarfen shiga har ƙarshe? Ƙurar hunturu da zaren cikin jaka, sun dunƙule a ƙasan kafar. Kashe kwamfutar, ka zaƙulo su a hankali da tsinken sakace, ban da allura. Idan kunne ɗaya ne ya yi ƙasa, duba 'yar ragar iyafis ɗin; dauɗar kunne kan toshe ta, busasshen buroshin haƙori kuma yana fitar da ita.

Ƙugi mai ci gaba ba yankewa kuma, zare caja ka saurara a kan batir. In ya ɗauke, daga wuta yake: caja mara kyau, ko soket ɗin da ba a haɗa wayarsa ta ƙasa ba. Lantarkin Najeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar ce take kutsowa kunne. A cikin saitin Windows ma, kashe ƙarin gyare-gyaren sauti da ake kira Enhancements ka ji bambanci, ka kuma sani cewa tana rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 duk lokacin da ta ga ana kira.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ƙanwata ta yi kafin ta kawo mini ƙara. Makonni ta yi tana ƙure ƙarar har ƙarshe don ta tsinci kalmomin malamin. Sautin da ya dusashe ba ya washewa don an ƙara shi, kunne ne kawai yake shan duka, kuma ƙwayoyin ji na can ciki ba sa sake tsirowa in sun mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro, ta kuma sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga babban mutum. A daren da muka gyara saitin, da kanta ta sauke ƙarar daga 100 zuwa 40, ta ce, "Yaya, ashe haka muryar malamin nan take?"