Mayafin Wuya Na Saƙa: Sirrin Ɗuminsa Yana Wurin Naɗi

Duk ɗan kasuwar da ya saba saro kaya a Dubai ya san Al Sabkha, unguwar nan ta Deira da ke bakin mashigin ruwan da ya raba tsohon gari gida biyu. A tasharta ake shiga kwalekwalen katako da ake kira abra, a biya dirhami ɗaya a tsallaka Bur Dubai inda kasuwar yadi take. Tafiyar ƙafa kaɗan daga Al Sabkha kuma sai ga kasuwar Naif, wadda gobara ta cinye a 2008 aka sake buɗe ta a 2010. Cikin tarin kayan da ke jibge a shagunan waɗannan lunguna har da mayafin wuya na saƙa, irin wanda ake naɗawa lokacin sanyi. Galibinsa daga Sin da Indiya yake zuwa, Dubai zango ce kawai. Wanda yake son ya baje shi a Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi kafin hunturu ya kankama, dole ya saro tun wajen Satumba, lokacin da zafin rana a Dubai ke kusantar digiri 40. Ke nan cikin gumi ake zaɓen kayan sanyi, launi da sheƙi kawai ake dubawa. Mai saye a gida shi ma sai ya rataya abin a kafaɗa kamar hirami, sanyin asuba ya ratsa shi, ya koma yana cewa an sayar masa da jabu. Sau da yawa laifin ba na zaren ba ne, na naɗin ne.

Mayafi ba ya haifar da ɗumi, jikin mutum ne ke fitar da shi. Aikin saƙa shi ne ta riƙe iska a cikin ƙananan ramukanta, jiki ya ɗumama wannan iskar, ita kuma ta hana zafin tserewa. Wuyan riga shi ne ƙofar da ɗumin ƙirji da na baya ke bi ya fice, musamman a kaftani da jallabiya masu faɗin wuya. Mayafin da aka rataya, bakinsa biyu na lilo a gaba, bai toshe wannan ƙofa ba, ado kawai ya yi. Wanda aka ɗaure tamau kuma ya matse ramukan saƙar, ya kori iskar da ake son riƙewa, ga shi ya takura numfashi. Naɗin da ya yi daidai shi ne wanda ya kewaye wuya ba gibi, amma yatsu biyu za su iya shiga tsakaninsa da fata.

Naɗin da ya fi cika wannan sharaɗi shi ne na ninki biyu. A ninka mayafin a tsakiya, a ɗora a bayan wuya, madaukin ya sauko ta ɓangare ɗaya, bakin biyu ta ɗaya ɓangaren, sai a zura su cikin madaukin a ja a hankali. Yana ba da rufi biyu a maƙogwaro, ba ya warwarewa da tafiya, kuma idan rana ta ɗaga da hannu ɗaya ake sassauta shi. Sai dai yana buƙatar tsawo, kamar santimita 170 zuwa 180, da saƙa mara kauri sosai, in ba haka ba ƙullin ya taru ƙarƙashin haɓa ya hana mutum sunkuyawa. Mai kaurin saƙa zagaye ɗaya ya ishe shi: a bar ɓangare ɗaya ya fi tsawo, a kewaya da shi sau guda, a dawo da shi gaba. Gajere kuwa a gitta bakinsa a ƙirji, a cusa cikin riga. Mace mai hijabi za ta fi jin ɗumi idan ta naɗa shi ta ciki, domin hijabin zai tare iska, saƙar kuma ta riƙe zafi, ita saƙa da ma iska mai ƙarfi ratsa ta take yi.

Wani zai ce ai wannan kayan Turai ne, ina ruwan mutumin Kano ko mazaunin Deira da shi? Gaskiya ne dusar ƙanƙara ba ta zuba mana. Amma a watan Janairu sanyin dare a Dubai kan sauko wajen digiri 14, ga iskar ruwa ga mai tsallakawa da abra, a Kano da Zariya kuma asubahin hunturu kan kai haka ko ya fi, balle a Jos. Jikin da ya saba da zafi wata tara, gidajen da aka gina don shan iska, tufafi marasa nauyi, duk suna sa wannan sanyi ya yi cizo. Batun cewa baƙon abu ne ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Mai rawani da ke jan amawali ya rufe baki, da Buzun da ke naɗe fuska a hanyar Agadas, tun kaka da kakanni sun san cewa iya naɗi ke sa ƙyalle ya tare sanyi da ƙura.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, masu ɗaukar mayafi a matsayin maganin hunturu gaba ɗaya. Ja shi ya rufe hanci da baki sako-sako yana ɗumama iskar da ake shaƙa, shi ya sa likitoci kan ba masu ciwon asma wannan shawara a lokacin sanyi. Amma ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana da laushin da ramukan saƙa ba za su tace ba, wannan aikin takunkumi ne. Haka nan ba ya maye gurbin allurar rigakafin sanƙarau. Kuma tun da numfashi na jiƙa shi, ƙura na maƙalewa, tilas a riƙa wanke shi da ruwa mara zafi, a shanya a kwance, don ratayewa a igiya na sa saƙa ta miƙe ta lalace.

Wannan bai nuna zare ba shi da muhimmanci ba. Ulu na gaske kan sha danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, zaren roba kuwa yana da araha da saurin bushewa amma ba ya shan gumi. Sunan pashmina da ake liƙa wa kowane mayafi mai sulɓi, asalinsa gashin wata akuya ce ta tsaunukan Ladak, kuma abin da aka sayar a farashin kwanon shinkafa ba zai zama shi ba. Mai shakka ya ciri zare ɗaya ya ƙona: ulu zai yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri. Duk da haka, na roba da aka naɗa da kyau ya fi ulun da aka bari yana reto.

Reton nan ma haɗari ne. A 1927 fitacciyar mai rawa 'yar Amurka, Isadora Duncan, ta rasu a birnin Nis na Faransa lokacin da dogon mayafinta ya sarƙe a ƙafar motar da take ciki. Ɗan acaɓa, da mace mai zaman bayan babur, da mai tsayawa kan injin markaɗe ko na niƙa, kowannensu ya cusa bakin mayafinsa cikin riga kafin a tayar da inji. Jariri ba a naɗa masa mayafi a wuya, yaro kuma ba ya barci ko wasan lilo da shi. 'Yan kasuwarmu masu saro shi daga Al Sabkha su duba tsawo da irin zare kafin launi, in sun zo sayarwa kuma su daure su nuna wa mai saye yadda ake naɗawa, minti ɗaya ya isa.