Idan Ƙafa Ta Fara Jan Ƙasa Bayan Allura

Yaro ya yi zazzaɓi, an kai shi kemis an yi masa allura a ɗuwawu, zazzaɓi ya sauka, amma ga shi yana tafiya silifas na zame masa. Yatsun ƙafarsa suna jan ƙasa, sai ya ɗaga gwiwa sama kafin ya taka. A Malisa da ƙauyukan Gwandu da Kalgo, wasu za su ce iska ce, wasu su ce shan inna. Sau da yawa kuwa allurar ce ta soki babbar jijiyar da ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa, wadda ke kai wa naman ƙwauri saƙon ya ɗaga sawu.

Ba allura kaɗai ke jawo wannan ba. Ɗorin da aka matse karansa a ƙasan gwiwa, doguwar naƙuda, ciwon suga, kuturta, har tsugunen wuni guda wajen dashen shinkafa, duk suna iya yi wa jijiyar illa.

Jijiya tana farfaɗowa, amma a hankali, kusan milimita 1 a rana, wato inci guda a wata. Daga ɗuwawu zuwa ƙwauri tafiyar watanni ce. A wannan jiran ne ake asarar ƙafa: idan aka bar ta a sake, agara ta ƙanƙance, idon sawu ya sandare, ko jijiyar ta dawo ba za ta tarar da abin ɗagawa ba.

Don haka aiki na kullum ne. Idan ƙafar ba ta motsi ko kaɗan, a zauna a miƙe ta, a zarga zane a tafin ƙafa a jawo yatsu wajen ƙwauri, a riƙe kamar daƙiƙa 30, a saki, a maimaita safe da yamma. Mai ciwon ya riƙa ƙoƙarin ɗagawa da kansa ko da bai ga komai ya motsa ba. Ranar da babban yatsa ya ɗan yi rawa, an samu shiga. Sai ya kwanta a gefe yana jawo sawun, don nauyin ƙafar bai kai na zaune ba. Bayan nan a kan kujera: dunduniya a ƙasa, a ɗaga yatsu, a sauke su sannu. Saukewar nan a hankali ita ce ke gina ƙarfi, kuma ita aka fi yi wa gaggawa. In ya iya sau 10 ba wahala, a yanko robar cikin tayar keke, a ɗaure a ƙafar gado, a rataya a bayan sawu ya riƙa ja. Naman da ke farfaɗowa ba ya son wuce gona da iri. Da ya fara karkarwa, a huta.

Wani kashedi ga iyaye mata: fatar bayan sawu kan mutu, ba ta jin zafi. Gashi da tafasasshen ruwa ko tsaga sai dai su bar gyambo.

Kada a tsaya a gida kawai. A je sashen gashin ƙashi a asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a auna ƙarfin ƙafar, a ba da takalmin da ke tallafe sawu. In wata 3 ya wuce babu alamar motsi a koma, domin akwai aikin tiyata, kuma jinkiri na rage amfaninsa. Ko da yake tun Agustan 2020 aka tabbatar cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Najeriya, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma masu roƙon allura don wai ta fi ƙwaya ƙarfi, ku daina. In ta zama dole, ma'aikacin lafiya ya yi ta, kuma ƙaramin yaro a gefen cinya ake yi masa.