Kogi Ma Ɗakin Gwaji Ne Ga Ɗaliban Kende

Kowace shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, akan ga ɗaliban sakandare sun duƙufa ga haddar darasin motsi da na igiyoyi, sau da yawa ba tare da sun gane inda ya dosa ba. Akan ɗora laifin a kan ƙarancin kayan gwaji. Amma ɗalibin Kende, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya daga iyakar Jamhuriyar Benin, yana da ɗakin gwajin da ba a saye da kuɗi.

Idan ya ajiye ƙoƙo a kan ruwa mai kwanciya, ya jefa dutse nesa da shi, zai ga igiyoyi sun iso sun wuce, ƙoƙon kuwa sai dai ya yi sama ya yi ƙasa a wurinsa. Tushen darasin ke nan: igiya ƙarfi take kaiwa gaba, ba ruwan ba. Lissafinta ma ba wuya. In igiyoyi 2 ke wucewa a daƙiƙa guda, tsakanin kowace da mai bi mata kuma rabin mita, to saurinsu mita 1 ne a daƙiƙa.

Sauti ma igiya ne. Mai tsaye a gaɓa yakan ga taɓaryar mai daka a tsallake ta sauka kafin ya ji ƙararta. Dalili shi ne sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, haske kuwa kilomita 300,000. Saboda haka da damina, wanda ya ƙirga daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da tsawa ya san nisanta kusan kilomita 1 ne.

Game da motsi kuwa, matuƙin kwalekwale ya riga littafi. Ba ya fuskantar mashigin da yake so kai tsaye. Yakan karkata goshin jirgi wajen da ruwa ke fitowa, don gudun kogi da nasa su haɗu su sauke shi daidai. Duk lokacin da ya tura ruwa baya da filafili, ruwan kan tura jirgin gaba, wato doka ta uku cikin dokokin da Isaac Newton ya wallafa a Ingila a 1687. Doka ta biyu kuma ita ce ke bayyana dalilin da ya sa jirgin da aka cika wa kaya ba ya tsayawa ko kaucewa da wuri, abin da kan jawo asarar rayuka.

Ya kamata malamai su riƙa fita da ɗalibai bakin ruwa, da agogo da igiyar awo. Abin da yaro ya auna da hannunsa ba ya ɓace masa a zauren jarrabawa.