Alhakin mai gini idan gininsa ya rushe a kan wani: bayani game da aya ta 1386

1. Gabatarwa

Kowace damana ana samun katangar da ta faɗo ma mai wucewa, ko soron da ya rufta da baƙo. A damanar 2024 abin ya kai har tsohon masallacin Birnin Zinder, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe. Galibi mutane kan ce ƙaddara ce, a yi jaje a watse. Wannan ƴar maƙala tana son ta nuna cewa a idon doka maganar ba ta ƙarewa a nan, kuma tambayar da alƙali zai yi ita ce: ruwa ne ya kada ginin, ko rashin gyara?

2. Abin da kundi ya tanada

Dokar da ta shafi wannan batu tana cikin kundin dokokin zaman jama'a na Faransa na 1804, wato Kod Sibil, wanda Nijar ta gada lokacin samun ƴancin kai a 1960. Aya ta 1382 da ta 1383 su ne tushe: wanda ya jawo ma wani ɓarna da laifinsa ko da sakacinsa, shi zai biya diyya. Aya ta 1386 kuwa ta keɓanta ga gini. Ta ɗora ma mai gini alhakin ɓarnar da rushewar gininsa ta haddasa, muddin rushewar ta samo asali daga rashin gyara ko daga aibin da ke cikin ginin tun farko. (Ɗaliban da ke aiki da littattafan Faransa na baya-bayan nan su lura: tun 2016 an sake lambobin a can, 1382 ta koma 1240, 1384 ta koma 1242, 1386 ta koma 1244.)

Kalmar rushewa ba ta nufin sai gida duka ya faɗi. Ya isa a ce wani sashe da ke haɗe da ginin ya ɓalle: azara, indararo, matakala, ko wani yanki na katanga. Itacen da ke tsakar gida ba gini ba ne, saboda haka ba ya shiga wannan aya.

Abin lura shi ne wanda aka ji ma rauni ba sai ya nuna laifin mai gidan shi kansa ba. Ko da mai gidan yana Niamey gidan yana Tahoua a hannun ɗan haya, ko da magini ne ya yi ha'inci wajen aza harsashi, mai gidan ne za a kama. Daga baya shi ma yana iya bin ɗan hayar ko maginin. Hikimar a fili take: mai rauni ya san ƙofar da zai buga, ba sai ya tsaya binciken yarjejeniyar da ba da shi aka ƙulla ba. Shi kuwa ɗan haya, idan shi ne ɗakin ya faɗa ma, ta hanyar yarjejeniyar haya zai nemi haƙƙinsa, ba ta wannan aya ba.

3. Yadda aya ta 1384 ta sha gabanta

A 1804 wannan tanadi gata ne ga mai rauni. Sai dai kotunan Faransa sun buɗe wata hanya mafi sauƙi. A shari'ar Teffaine ta 1896, inda tukunyar tururi ta wani jirgin ruwa ta fashe ta kashe ma'aikaci, da kuma shari'ar Jand'heur ta 1930, inda babbar mota ta buge wata yarinya, Kotun Ƙoli ta fitar da ƙa'ida daga sakin farko na aya ta 1384: wanda abu ke hannunsa yana ɗaukar alhakin ɓarnar da abin ya yi, ko da bai yi laifin komi ba. Shari'ar Franck ta 1941 ta fayyace cewa mai riƙon abu shi ne wanda ke amfani da shi, yake sarrafa shi, yake da iko a kansa.

Daga nan sai lamarin ya juye. Wanda itace ya faɗo ma ba ya buƙatar nuna rashin kula, amma wanda katanga ta faɗo ma dole ne ya tabbatar da rashin gyara ko aibi. Ayar da aka yi don taimakonsa ta zame masa kaya. Kotun ta rage wannan rashin daidaito a 2000, da ta yarda a bi mai riƙon ginin wanda ba mai shi ba ta hanyar aya ta 1384. Hukunce-hukuncen Faransa na bayan 1960 ba su ɗaure alƙalin Nijar ba, haske kawai suke ba shi.

4. Ginin ƙasa da ruwan sama

A nan ne, a ganinmu, matsalar take ga ƙasarmu. Mai gini yana kuɓuta idan ya nuna cewa abin da ya faru ya fi ƙarfin mutum: ba a iya hango shi, ba a iya tare shi, kuma daga waje ya zo. To, ruwan watan Agusta ba abin mamaki ba ne a Maradi. Kowa ya san ginin laka yana son yaɓe kafin damana, a gyara indararo, a kau da ruwan da ke kwanciya a gindin katanga. Wanda ya bar katangarsa shekara da shekaru tana zaizayewa ba zai fake da ruwan sama ba. Ambaliyar da ta kwashe unguwa gaba ɗaya, sabon gini da tsoho, ita ce za a iya kira abin da ya fi ƙarfi. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi, kuma shaida tana da wuya, don laka idan ta faɗi ta jiƙe ba ta nuna inda tsagar take. Sau da yawa shaidar maƙwabta ce kaɗai ke saura.

Fiƙihun Malikiyya, wanda jama'a suka fi sani, ya bi wata hanya dabam. Idan katangar da aka gina daidai ta karkata daga baya, mai ita yana ɗaukar lamuni ne idan an gargaɗe shi, ya kuma samu lokacin gyara bai gyara ba. Kundin 1804 bai sa wannan sharaɗi na gargaɗi ba. Ke nan rigima guda tana iya samun amsa biyu, gwargwadon ko an kai ta gaban mai unguwa da liman don sulhu, ko an kai ta kotu. Duk da haka gargaɗin yana da amfani a kotu ma: maƙwabcin da ya ce ma mai gida, a gaban shaidu, katangarka ta tsage, ya tanadi hujjar rashin gyara da aya ta 1386 ke nema.