Almakashi a Hannun Yaro: Yadda Ƙananan Yara Ke Yin Ranar Valentine a Amurka

A farkon watan Fabrairu, yaran nazare da na ƙananan azuzuwan firamare a Amurka sukan koma gida da wata takarda daga malamarsu. Jerin sunayen 'yan ajin ne gaba ɗaya, tare da sharaɗi guda: duk wanda zai kawo kati ranar 14 ga wata, to ya kawo wa kowa, kada ya tsallake ko mutum ɗaya. Daga nan sai gida ya cika da aiki. Za a nemo tsohon kwalin takalmi, a lulluɓe shi da jar takarda, a tsaga masa baki a murfi kamar akwatin gidan waya, yaro ya rubuta sunansa a jiki. Idan ranar ta zo, kowa ya ajiye kwalinsa a kan tebur, yara su bi layi suna jefa wa juna katuna, a ɗan ci abin ƙwalama, a tashi. Wanda ya san Valentine a matsayin ranar samari da 'yan mata kawai zai yi mamakin ganin ta a hannun 'yan shekara biyar. A wajen waɗannan yara, ranar abokan aji ce da malama da kaka. Kuma a ganina, abin da ke da amfani a cikinta yana tattare da abu biyu, wato yaro ya yi abin da hannunsa, sannan ya ba kowa. In aka cire waɗannan, ciniki kaɗai ya rage.

Tarihin ranar ma ya nuna cewa aikin hannu ya riga kasuwa. Cocin Roma ne ya keɓe 14 ga Fabrairu don tunawa da wani waliyyin Kirista mai suna Valentine tun ƙarshen ƙarni na 5, kuma sai a ƙarni na 14 marubutan Ingila irin su Geoffrey Chaucer suka fara danganta ta da soyayya. Tsawon ƙarnoni, mutane da hannu suke rubuta saƙon, su yanka takarda, su yi mata ado. Da aka sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a Birtaniya a 1840, lokacin da kan sarki na kobo ɗaya ya fito, sai aika katin ya zama ruwan dare. A Amurka kuwa, wata mata mai suna Esther Howland, 'yar mai shagon littattafai a garin Worcester na jihar Massachusetts, ita ce ta mayar da abin sana'a a ƙarshen shekarun 1840. Takarda mai zanen leshi take sayowa daga Ingila, ta tara mata a gidansu, wannan ta yanka, waccan ta manna, har kati ya kammala. Kamfanin Cadbury ya fito da kwalin cakulan mai siffar zuciya a shekarun 1860, kamfanin Hallmark da aka kafa a 1910 ya shiga buga katuna da inji, daga nan kasuwa ta karɓe ragama. Ƙungiyar 'yan kasuwar sari da sayarwa ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa jama'ar ƙasar za su kashe dala biliyan 25.8 a kan ranar a 2024, a 2025 kuma dala biliyan 27.5. Yau uwa tana iya shiga kanti ta ɗauko fakitin katuna talatin masu hoton 'yan katun, kowanne da alewa a manne, ta rubuta sunayen da kanta cikin dare, yaro ya kai makaranta da safe bai ma san abin da ke ciki ba.

Sai a kwatanta wannan da abin da ke faruwa idan aka ba yarinya 'yar shekara huɗu jar takarda da almakashi mai dakusasshen baki. Za a nuna mata ta ninka takardar biyu, ta daidaita gefe da gefe, ta murje ninkin da babban yatsa. A zana mata rabin zuciya daga bakin ninkin. Ta sa babban yatsa a ramin sama na almakashi, sauran yatsu a na ƙasa, hannu ɗaya yana yanka, ɗayan yana juya takardar a hankali. Za ta kauce wa layi, za ta tsaya ta huta, wataƙila ta yanke ninkin kansa ta tashi da ɓari biyu a hannu, a sake ba ta wata. Da ta buɗe ta ga cikakkiyar zuciya, gefen dama daidai da na hagu, ta riga ta gane abin da malamin lissafi zai zo ya koya mata da alli bayan shekaru. Sannan ga rubuta sunaye ashirin ko fiye, harafi bayan harafi, tana duba takardar malama tana kwafa. Babu wani darasin rubutu da zai sa yaro ya zauna ya kwafi kalmomi ashirin da ransa kamar sunayen abokansa, domin ya san wanda zai karanta.

Masana tarbiyya sun daɗe da gane darajar wannan. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar renon yara a garin Bad Blankenburg ya kuma raɗa mata sunan da duniya ta san ta da shi a 1840, ya sa ninke takarda da yankata da saƙa ta cikin ayyukan yau da kullum na yara. Ɗalibarsa Margarethe Schurz ce ta buɗe irin wannan makaranta ta farko a Amurka, a Watertown ta jihar Wisconsin, a 1856, don haka almakashi da gam tsofaffin 'yan aji ne a can. A 2010 kuma, David Grissmer da abokan aikinsa suka bi bayanan dubban yara a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa ƙwarewar yatsu lokacin shiga makaranta, kamar iya kwafar zane da sarrafa ƙananan abubuwa, tana cikin alamomin da ke nuna yadda yaro zai yi a lissafi da karatu daga baya. Binciken bai ce yanka takarda kaɗai zai mayar da yaro haziƙi ba, kuma bai kamata a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Abin da ya nuna shi ne akwai alaƙa tsakanin ƙwarewar yatsu da karatun yaro, kuma a ganina lokacin da yaro ya ɓata yana yanka da mannawa bai tafi a banza ba.

Kayan aikin kuwa yawancinsu suna cikin kicin. Ana raba dankalin Turawa biyu, babba ya sassaƙa zuciya a fuskarsa, yaro ya tsoma a fenti ya riƙa bugawa a takarda kamar hatimi. Ana kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya da ruwa kusan kofi ɗaya, a murza, a yanka siffofi, a huda rami da tsinke, a busar a wuta kaɗan-kaɗan, a shafa kala a rataye da zare. Wannan na ado ne, gishirinsa ya yi yawa ga ciki. Guntayen fensirin kakin zuma da suka kakkarye ana narkar da su a ƙaramin mazubi su fito da launi gauraye. 'Yan shekara biyu da ba su isa riƙe almakashi ba, tafin hannunsu ake shafa wa fenti su danna a kwali, a aika wa kaka. Sai dai akwai wani tarko da iyaye da yawa suka faɗa tun da shafukan hotuna na Pinterest da Instagram suka bayyana a 2010. Hotunan katuna masu tsananin kyau sun cika waya, uwa ta ga na wasu ta ji kunyar na ɗanta, sai ta karɓe almakashin ta yi da kanta, yaro yana gefe yana kallo. Katin da uwa ta yi har ƙarfe ɗayan dare bai fi na kanti amfanar yaro da komai ba. Karkatacciyar zuciya mai gam a ko'ina da suna rubuce da harafi a juye, ita ce shaidar cewa mai ita ne ya yi.

Sharaɗin nan na ba kowa shi ne ya fi jawo gardama, kuma masu sukar suna da hujjar da ta cancanci amsa. Suna cewa kyautar dole ba kyauta ba ce, kuma tilasta wa yaro ya rubuta kalmar abota ga wanda ba sa shiri koya masa fuska biyu ne. Amsar tana cikin abin da ya faru kafin a kafa sharaɗin. A da, kowa wanda yake so yake ba wa, sai a wayi gari kwalin wata ya cika ya batse, na wani kuwa wayam, a gaban idon aji duka. Amurkawa sun san wannan ciwo sosai, har a 1975 aka nuna wani fim ɗin katun a talabijin inda yaron nan Charlie Brown ya je makaranta da jaka don kwasar katuna ya dawo babu ko ɗaya, yaran ƙasar kuwa suka yi ta aiko masa da katuna ta gidan waya don tausayi. Ɗan shekara biyar bai kai ya ɗauki irin wannan wulaƙanci a matsayin darasin rayuwa ba. Abin da zai fahimta kawai shi ne ba a son sa. Kuma sharaɗin bai ce ya so kowa daidai ba. Abin da ya ce shi ne kada a tozarta kowa a bainar jama'a, kamar yadda mai shiga zaure yake yi wa kowa sallama ko da akwai wanda ba su jituwa. Game da ko yara suna jin daɗin bayarwa, wani bincike da Lara Aknin da Kiley Hamlin da Elizabeth Dunn suka yi a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 2012 ya lura da fuskokin yaran da ba su cika shekara biyu ba, ya ga sun fi fara'a lokacin da suka ba wata 'yar tsana abin ƙwalama fiye da lokacin da aka ba su, kuma fara'ar ta fi yawa idan daga nasu rabon suka ɗiba. Yaran binciken ba su da yawa, amma duk mai renon yara ya san wannan fuskar.

A fannin abin ci ne hujjar yin komai a gida take da rauni, kuma dole a faɗi haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan yaro ɗaya cikin 13 jikinsa ba ya shiri da wani nau'in abinci, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, wasu kuma ɗan kaɗan ya isa ya toshe musu numfashi. Saboda haka makarantu da dama suka hana kawo abincin da aka dafa a gida, sai na kanti da ke rufe da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su a jiki. Wannan doka daidai ce, kuma babu biskit ɗin uwa da ya kai ran ɗan wani. Ga kuma sukari. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada ya wuce giram 25 na ƙarin sukari a rana, kimanin ƙaramin cokali shida, ɗan ƙasa da shekara biyu kuwa kada a ba shi sam. Kati ashirin kowanne da alewa ya ninka wannan sau da yawa. Likitocin yara kuma suna gargaɗi kan alewa mai tauri da inabi guda-guda da gugguru da gyaɗa ga 'yan ƙasa da shekara huɗu, don suna maƙalewa a maƙogwaro. Mafita a fili take: kati ya tafi makaranta shi kaɗai, girki ya tsaya a gida, inda yaro zai auna fulawa, ya fasa ƙwai, ya danna mayankin zuciya a kan yankan kankana ko burodi.

Wasu kuma za su ce duk wannan maganar masu hutu ce, macen da ke aikin kwana a asibiti ko take haɗa aiki biyu ina ta ga lokacin zama da fenti? Gaskiya ne, kuma ba a zargin wadda ta sayi fakiti. Amma ko katin kanti ne, a bar yaron ya rubuta sunayen da kansa, biyar yau biyar gobe. Makarantu ma suna da nasu alhakin, domin idan aka yi kwalin da katunan a cikin aji da kayan makaranta, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka za su tashi da abu iri ɗaya.

Saura maganar da ta fi damun mai karatu Bahaushe. Malaman Musulunci da yawa sun yi hani da bikin wannan rana saboda asalinta da kuma abin da matasa ke aikatawa da sunanta, kuma a Pakistan babbar kotun Islamabad ta hana yin ta a wuraren jama'a a 2017. Iyayen Hausawa da ke zaune a Amurka su ne takardar malama take isa hannunsu, kuma suna da cikakken 'yancin cewa ɗansu ba zai shiga ba. Akwai iyalan Yahudawa da na wasu ɗariƙun Kirista da ke yin haka, shi ya sa wasu makarantu suka mayar da taron na abota kawai. A Finland ma tun shekarun 1980 ranar abokai ake kiranta. Ba na kira ga kowa ya ɗauki ranar, domin babu ɗaya daga cikin amfanin da aka lissafa da ya dogara da 14 ga Fabrairu ko da jar zuciya. Uban da ya ƙi bikin, ya sanar da malama tun da wuri cikin mutunci, ya yi wa ɗansa bayanin dalili da harshen da zai gane, sannan kada ya bar shi hannu rabbana. Ya saya masa almakashin yara da gam da takarda mai launi, idan Sallah ta matso ya nemi jerin sunayen ajin, ya zaunar da shi ya yi wa kowa kati da hannunsa, har da yaron da ba sa wasa tare.