Ɗan Baƙo a Ƙofar Aji: Aikin da ke Gaban Sabon Garin Sakkwato

Unguwannin da ake kira Sabon Gari a biranen Arewa don baƙi aka kafa su tun asali. Na Kano, a 1913 Turawan mulkin mallaka suka shata shi domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Sai dai yawancin baƙin da ke kwararowa birnin Sakkwato a yau ba fatauci ya kawo su ba. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a watan Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi a ƙaramar hukumar Raɓah, iyalai daga Isa da Sabon Birni da Goronyo ke ta baro ƙauyukansu. Wasu na sansanin Ramin Kura, da yawa kuwa sun raɓe a kangaye da ɗakunan haya a cikin gari. Ga kuma 'yan Nijar daga Ƙonni da Tawa masu shigowa ta Illela neman abinci. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙin sun shekara, 'ya'yansu na girma a nan.

Ta fuskar doka babu gardama a kan haƙƙin yaran nan na shiga makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, gwamnatin jiha kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015. Abin da ke tsayar da ɗan baƙo a ƙofar aji ƙananan abubuwa ne: takardar haihuwa da ta ƙone tare da gida, takardar canjin makaranta da babu hedimastan da zai sa mata hannu, kayan makaranta, da ɗan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai.

Sai batun aji. Yarinyar da ta kai CM1 a Ƙonni ajinta biyar ke nan, tana raba lamba da kyau, amma da Faransanci. Idan aka gwada ta da Turanci sai a ɗauka ba ta san komai ba, a mayar da ita cikin 'yan shekara shida, kafin wata biyu ta koma tallar gyaɗa. Da malami zai yi mata tambayoyin da Hausa, ya ba ta alli ta yi lissafin a allo, da nan take ya gane matsayinta.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwada wata dabara. Lokacin da dubban 'yan Najeriya suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi daga 2019, gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, kusa da mutanen gari. Famfo da asibiti da ajujuwan da aka samar na kowa ne, don kada ɗan gari ya ga an fifita baƙo a kansa.

Sakkwato ba ta buƙatar sabuwar hukuma. Mai unguwa ne kan fara sanin wanda ya sauka, don haka wasiƙarsa ta wadatar a ɗauki yaro, takardu su biyo baya. Kwamitin kula da makaranta, mai wakilcin iyaye mata, shi ya fi dacewa ya bi gida-gida, domin uwar da ta rasa miji sai mace 'yar'uwarta za ta buɗe wa ciki. Waɗanda shekarunsu suka wuce aji, akwai manhajar gaggawa ta hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, mai dunƙule karatun shekara tara cikin uku. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kuwa za ta iya ɗaukar nauyin kayan makaranta da littattafai, tunda matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin masu haƙƙin zakka.

Abin da ya rage shi ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta ba hedimastoci umarni a rubuce: a karɓi ɗan baƙo ko a tsakiyar zango ne. Ba tare da wannan takarda ba, mai son taimakon ma tsoron mai duba makarantu zai hana shi.