Ƙaura zuwa sabuwar kwamfuta: kada a bar zumunci a kufai

Duk wanda ya taɓa ƙaura daga wani gida zuwa wani ya san cewa ba a manta gado da kujeru. Abin da akan bari a baya shi ne ƙananan abubuwa masu daraja, irin takardar haihuwar yaro da aka cusa ƙarƙashin katifa. Haka lamarin yake ga kwamfuta. Da yawa daga cikinmu idan muka samu sabuwa, hotuna da takardun da ido ke gani muke kwashewa, mu bar abubuwa uku da suke ɓoye: wasiƙun i-mel, da kundin adireshi da lambobin mutane, da kuma alamomin shafukan intanet da muka adana a cikin burauza. Sai an sayar da tsohuwar, ko an ba ƙane ya goge ta, sannan a tuna cewa takardar gurbin karatun ɗa, da rasiɗin wani biyan kuɗi, da adireshin kawu da ke Kumasi, duk suna cikinta.

Wannan magana ta ƙara muhimmanci tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Da yake tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, gidaje da dama sun shiga shawarar canji. To, kafin a ɗaura kaya, ga abubuwan da ya kamata mai gida da uwargida su sani.

Ina wasiƙunmu suke kwana?

Tambayar farko ke nan, kuma amsarta ce za ta nuna girman aikin. Wanda yake buɗe Gmail ko Yahoo ta cikin burauza, wasiƙunsa suna can a ma'ajiyar kamfanin, kwamfutarsa taga ce kawai da yake leƙawa. Shi ba ya da kayan ɗauka, abin da ke kansa shi ne mabuɗi, wato kalmar sirri da lambar wayar da ya yi rajista da ita. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Shekara da shekaru tsohuwar kwamfuta ce ke tuna musu kalmar, har suka manta ta, layin wayar da za a aiko da lambar tabbatarwa kuwa ya daɗe da ɓata. Saboda haka, tun akwatin yana buɗe a tsohuwar na'ura, a shiga saitinsa a sa lambar da ake amfani da ita yanzu, a kuma gwada shiga daga sabuwar. Mu sani kuma cewa tun watan Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, don haka tsohon akwatin da muka yi watsi da shi yana bukatar ziyara.

Wanda kuwa yake karanta wasiƙunsa ta manhaja irin Outlook ko Thunderbird, sai ya duba saitin asusunsa ya ga wace hanya aka ɗora shi a kai. Idan IMAP ce, asalin wasiƙun na wurin kamfani, da ya shigar da adireshi da kalmar sirri a sabuwar kwamfuta za su sauko da kansu. Idan POP ce, akwai hatsari, domin wannan hanya tana sauko da wasiƙa cikin kwamfuta, sau da yawa kuma ta share ta daga ma'ajiyar kamfanin. Mai irin wannan tsari, abin da ke cikin na'urarsa shi ne kaɗai abin da ya mallaka.

A Outlook na Office, ana tattara wasiƙu da adireshi cikin fayil guda mai ƙarewa da .pst. A kwamfutocinmu masu Faransanci ana bi ta Fichier, sai Ouvrir et exporter, sai Importer/Exporter. Shi kuwa Thunderbird yana ajiye komai a jaka ɗaya mai sunansa, cikin AppData, ƙarƙashin Roaming. A rufe manhajar tukuna, a kwafi jakar ɗungurungum, a sa ta a daidai wannan wuri a sabuwar kwamfuta. Idan kilen USB ya ƙi karɓar fayil alhali akwai fili, galibi dalilin shi ne an tsara shi da FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. Sai a kwashe abin da ke cikinsa, a sake tsara shi da exFAT. A kuma tabbata batir ya cika kafin a fara, don yankewar wuta a tsakiyar kwafi tana lalata fayil.

Kundin adireshi

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma a wannan zamani da dangi suka warwatsu daga Damagaram zuwa Garwa, daga Injamena zuwa Abijan, rabinsa yana cikin kundin lambobi. Ana fitar da kundin ta siga biyu, vCard mai ƙarewa da .vcf, ko CSV. Shawararmu ita ce a zaɓi vCard, domin fayil ɗin CSV idan aka buɗe shi a Excel yakan cinye sifilin farkon lamba, kuma haruffanmu masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, da wasulan Faransanci masu alama a ka, sukan rikiɗe su koma wasu zane-zane marasa ma'ana.

Ƙaura kuma dama ce ta shara. A rubuta kowace lamba da mabuɗin ƙasarta: +227 ga Nijar, +234 ga Nijeriya, +237 ga Kamaru, +235 ga Cadi, +233 ga Gana. A lura cewa Kodebuwa ta koma lambobi masu alƙaluma 10 ranar 31 ga Janairu 2021, Benin ma ta yi haka ranar 30 ga Nuwamba 2024 ta hanyar ƙara 01 a farko. Duk lambar da aka adana kafin waɗannan ranaku tana bukatar gyara, in ba haka ba sai ranar da ake son isar da labarin haihuwa ko rasuwa a tarar ba ta shiga.

Alamomin shafuka

Wannan shi ne mafi sauƙi. A Chrome da Firefox da Edge, danna Ctrl da Shift da O a tare yana buɗe ma'ajiyar alamomin, waɗanda ake kira Favoris ko Marque-pages. Daga nan a fitar da su cikin fayil ɗin HTML, wanda kowace burauza take iya karantawa, a shigar da shi a sabuwar na'ura. Akwai kuma hanyar shiga burauza da asusu don komai ya bi mutum da kansa, sai dai a kwamfutar da dukan gida ke amfani da ita, ya kyautu kowa ya samu nasa ɓangare, kada alamomin yara su cakuɗe da na aikin mahaifi. Idan an fitar da kalmomin sirri daga burauza, a sani cewa fayil ɗin a fili yake, kowa na iya karanta shi. Da an gama shigar da shi, a goge shi daga kile nan take.

Kafin a rabu da tsohuwa

Kada a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. A bar tsohuwar kwamfuta a gida kamar wata guda, ana aiki da sabuwar, ana neman tsofaffin wasiƙu da sunaye don a tabbatar sun iso. A ajiye kwafi na biyu a wani kile da ba a yawo da shi.

Bayan haka sai goge ta. Lambobi da wasiƙun da ke ciki na mutane ne da suka amince mana: ƴar'uwa da ta rubuto matsalar aurenta, aboki da ya nemi rance a asirce. Jefa fayil cikin kwandon shara ba ya kawar da shi, mai gyara na iya dawo da shi cikin ɗan lokaci. A fita daga dukan asusu, sannan a yi amfani da Réinitialiser ce PC, a zaɓi share komai tare da tsabtace faifan ajiya. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, amma da shi ne za mu miƙa na'urar ga mai saye ko ga ɗalibi a dangi ba tare da mun miƙa sirrin kowa ba.